Mai Ƙaramar Fuska

Jibi da asuba zan hau mota daga Mendoza,
in ƙetare duwatsun nan masu furfurar ƙanƙara
zuwa Santiyago, inda Ludmila ta sauka lafiya.
Namiji ne, kilo uku da 'yar ɗoriya.
Akwati na rufe shi tun Litinin.
Kuɗi ne suka hana ni runtsawa.

Na baje su a teburin girki,
kan ledar nan mai zanen inabi.
Ga fesonmu, dami guda, ɗaure da roba,
tarin tsiya, ba nauyi.
Abin da ya saya mini tsoka watan jiya
yau da ƙyar ya kai ni ga ƙashi.
Kuɗin da ke ramewa a kwance cikin aljihu,
da wace ƙafa zai hau dutse?

Remigio na zuƙar ɗacin ganye daga 'yar ƙwaryarsa.
Ya ce, "Dala, Ofelia.
Dala ba ta neman tafinta."
Ya taka kujera, gwiwa na ƙara,
ya sauko da gwangwanin kofi
daga bayan tukwanen da ba mu ɗorawa a wuta.
Ɗari bakwai.
Shekara sha tara suna barci a duhu,
kuɗin akwatin gawa, in ji shi,
na wanda ya riga wani a cikinmu.

Na kai su wurin Anselmo ɗan canji.
Ya ɗaga ɗaya saitin fitila, ya taɓe baki:
"Tsohon bugu ne, masu ƙaramar fuska.
Sai dai in rage miki."
Na ce, ba mutumin nan ba ne dai,
mai sanƙo, mai kallon raini?
Ya ce, "Shi ne. Kansa ne bai cika ba."
Guda kuma tsatsar gwangwani ta lashi gefenta,
ya turo mini ita da farce
kamar mataccen ƙwaro.
Ashe kuɗi ma sai an duba masa fuska.

Zulema maƙwabciya ta leƙo ta katanga:
"Kati, 'yar'uwa, wa ke yawo da takarda yanzu?"
Ita ce fa bara na'ura ta haɗiye nata
ranar Lahadi, a garin da ba ta san kowa ba,
ta kwana a tasha da biskit biyu.
Ban tuna mata ba. Na ce na gode.

Can ma feso suke kira nasu.
Takwarori ne, katanga ɗaya ta dutse,
amma ba sa gaisawa.

Na kira Ludmila in tambaya.
Ta ce, "Mama, ki zo kawai,"
sai kukan yaron ya cinye sauran maganar.

To, ba a tara ƙwai a kwando ɗaya a hau hanya mai kwana.
Ɗari biyu na karya, na karɓi feson can,
na motar haya, na burodi,
na matar da ke tsaron bayi a kan iyaka.
Ɗari huɗu na ɗinke a lafin siket
da baƙin zare, ɗinkin da ni kaɗai na san bakinsa.
Katin na nan cikin littafin addu'a,
ko da tsautsayi.
Namu kuwa na bar wa Remigio,
ya yi sauri ya ci kafin su narke.

Mai tsatsar na ware ta daban.
Ba zan sake miƙa ta ga ɗan canji ba.
In na isa, na wanke ƙurar hanya,
zan cusa ta ƙarƙashin matashin jikana.
Shi ma mai ƙaramar fuska ne.
Bari in ga wanda zai ɗaga shi saitin fitila
ya ce zai rage.